Tambayi Likita: "An ce fumfuna har iri biyu ce a huhun Babanmu"

Assalamu alaikum jama'ar Makka da Jidda da Madina da Ɗa'if, har da 'yan Riyad masu cewa mun mance da su. Saƙonni sun taru wannan watan, na ware guda biyar saboda duk bakinsu ɗaya ko da masu su ba su san juna ba. Masu tambayar hawan jini da na haihuwa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum na cire sunaye, wasu saƙonnin kuma na rage musu tsawo.

Tambaya: Slm Dakta Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina cikin damuwa ne. Babanmu shekararsa 61, yana da suga tun da daɗewa, bara aka yi masa dashen ƙoda, yayanmu ne ya ba shi. Wajen sati biyar da suka wuce ya fara zazzaɓi da tari muka kai shi mustashfa suka kwantar da shi suka yi hoto suka ce wai fiɗriyyat ce a huhu, suka ɗora shi kan magani ya ɗan ji sauƙi har mun fara murna, sai kuma jikin ya rikice kaki yana fita da jini. Yanzu sun zura masa wata na'ura sun yanko tsoka sun ce wai akwai wata ta biyu daban kuma maganin farko ba ya kashe ta, har suna maganar tiyata. Wlh kanmu ya kulle. Ta yaya cuta biyu a huhu ɗaya? Ko dai tun farko kuskure suka yi suke rufewa? Babbar yayarmu ta ce mu ɗauke shi mu kai shi gida Kano a yi na Hausa. Ga hoton takardar nan na turo.
Daga wata 'yar uwa a Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, yayanku kuma Allah ya saka masa da Aljanna, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya kwanta a cire masa ƙoda ya bayar. Na duba takardar. Kafin komai dai kada ku ɗauke shi daga asibitin nan, na fara da wannan ne don ko ba ki kai ƙarshen amsar ba ki riƙe shi.

Abin da Larabawa ke ce wa fiɗriyyat mu fumfuna muka sani, dangin makero da ƙyasfi ne amma waɗannan a fata suke tsayawa. Ki sayi burodi ki ƙulle a leda ki manta da shi a kan firij kwana huɗu biyar a wannan laimar ta Jidda, ranar da kika buɗe za ki ga wani kore-kore kamar an barbaɗa kuka, gefe guda kuma wani fari mai gashi-gashi kamar auduga da ɗigo-ɗigon baƙi a kansa. Kin ga iri biyu kenan a burodi ɗaya, babu wadda ta hana wata zama. 'Ya'yansu ƙanana ne ƙwarai ido ba ya gani, suna yawo a iska, a ƙurar gini, a ƙasar shuka, a buhun hatsin da ya sha laima, a matatar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da aka shekara ba a wanke ba. Ni da ke da duk mai karanta wannan muna shaƙar ɗaruruwansu kullum, sojojin jikinmu suna cinye su ba mu ma sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bangon Baba kuwa da gangan aka tsaga shi, dole ce ta sa. Jiki ba ya yarda da baƙo, da an bar garkuwarsa da ƙarfinta da tuni ta kashe ƙodar yayanku, shi ya sa ake ba shi su takrolimus da firednisolon su kwantar da sojojin, ga suga kuma a gefe yana nasa aikin. To tsagar bango ba ta ƙirga ƙadangaru, wadda ta shigar da ɗaya za ta shigar da biyu, har kunama in ta zo wucewa. Mun ga mai fumfuna biyu, mun ga mai fumfuna da tarin tibi a tare, mun ga mai fumfuna da bairas. Ga mai lafiyayyar garkuwa likita kan nemi cuta ɗaya da za ta bayyana duk alamomin, in ya samo ta shi kenan. Ga irin su Baba in an samo ɗaya tsugunne ba ta ƙare ba.

Sunaye biyu ne a takardarku. Na farko Aspergillus, mu ce mata asfajilas. Na biyu Mucorales, mu ce mata mukor, kuma mai gashin nan ta kan burodi 'yar gidansu ce. Abin da na gani a takardar bai nuna kuskure ba, halin cutar ya nuna. Asfajilas tana barin sawu, akwai wani sinadari na jikinta da ake kira galaktomanan ana auna shi a jini ko a ruwan da aka wanko daga huhu, akwai kuma wani gwajin bita-gulukan shi ma yana kama ta. Mukor kuwa duka gwaje-gwajen biyu ba sa ganinta. A hoton siti, wato babban hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla, su biyun suna iya kama da juna, ko a shuka ta a ɗakin gwaji sau da yawa ƙin tsirowa take yi. Sai an yanko tsoka an sa a madubin likita sannan ake rabe su: asfajilas siririn zare ce mai gaɓa-gaɓa kamar kara, rassanta na fita a karkace kamar an buɗe yatsu biyu, mukor kuma faffaɗa ce kamar zariyar wando kusan babu gaɓa, reshenta na fita gefe tsaye kamar kusurwar ɗaki. Yankan tsoka a huhun mara lafiya irin Baba kuma ba abin da ake rawar jiki a yi ba ne saboda zubar jini. Wato sun ga ta farko da hujja suka ba da maganinta, borikonazol, wanda shi ne na gaba-gaba a kan asfajilas, shi ya sa ya ji sauƙi har kuka yi murna. Amma borikonazol ba ya taɓa mukor ko kaɗan, maganin sauro ne aka fesa alhali akwai ɓera a ɗakin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ni abin da na yaba musu ma shi ne da jikin ya rikice ba su tsaya ƙara yawan maganin farko ba, suka koma bincike.

Kin tuna 2021 lokacin korona da aka yi ta nuno mutanen Indiya a talabijin an cire wa wasu ido ana cewa baƙar fumfuna? Ita ce wannan. Sama da mutum 40,000 aka ƙirga a 'yan watanni, yawancinsu masu suga ne da aka ɗirka wa kotizon, maganin da ke kwantar da kumburi da garkuwar jiki, kuma a cikinsu an samu waɗanda asfajilas da mukor suka haɗu musu kamar Baba. Mukor tana son suga, tana son jinin da ya yi tsami irin na mai suga in ya birkice, tana son sinadarin ƙarfe na jini. Halinta shi ne ta huda jijiyar jini ta toshe ta, naman da jijiyar ke shayarwa ya mutu ya yi baƙi. To magani ta jini yake tafiya, inda jini ba ya zuwa magani ba ya zuwa, wannan ne dalilin tiyatar, ba son yanka ba ne. A yanke mataccen naman, sauran kuma a bi shi da amfoterisin ta ƙarin ruwa kullum na makonni, daga baya a koma na haɗiya irin fosakonazol ko isabukonazol.

Ba zan ɓoye miki ba ƙanwata, cuta ce mai nauyi, mukor ta huhu tana cikin waɗanda suka fi kisa a duk dangin fumfuna, kuma kowane kwana da aka ɓata yana rage rabo. Amfoterisin ɗin ma ba kanwar lasa ba ne, yana sa rawar sanyi lokacin da yake shiga, yana zubar da sinadarin fotasiyam, yana wahalar da ƙoda, ga shi ƙodar guda ɗaya ce kuma ta aro. Za ku ji sun ce za su rage magungunan dashen don sojojin jiki su ɗan farfaɗo, hakan na iya jawo jiki ya juya wa ƙodar baya. In aka kai inda dole a zaɓa, ra'ayina a ceci rai, mai rai na iya komawa wankin ƙoda har a sake wani dashen wata rana. Ku shirya wa yayanku wannan maganar tun yanzu cikin hikima don shi zai fi kowa jin ta a zuciya.

Naku aikin: duk abin da kuke ba shi a ɓoye, zuma ce ko jiƙo ko garin wani abu, ku faɗa wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magungunan nan masu ƙarewa da "azol" suna sa takrolimus ya taru a jini har ya zama guba, wanda aka ɗora kan borikonazol akan rage masa takrolimus zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ana kuma aunawa a kai a kai, in an cire borikonazol ɗin kuma sai an sake lissafi, to ki ga in wani ganye ya shigo tsakani ba wanda ya sani. Zamzam ya sha, addu'a ku dage, amma zuma da dabino sai da lissafin suga. In ya ce gefe ɗaya na fuskarsa na ciwo, ko ido ya kumbura, ko kuka ga baƙi a hanci ko a dasashi ko ganɗa, a daren nan za ku kira nas ba sai safe ba. Hajiya babbar yaya kuma ki gaishe min da ita ki ce mata na san ƙauna ce ta sa, amma mutumin da kaki ke fita da jini ba na hawa jirgi ba ne, kuma babu saiwar da ke shiga mataccen nama.

Tambaya: Dakta barka da aiki. Ni aiki nake a gidan Larabawa, tun ina gida siririya ce ni ana ta min gori, wata ƙawata ta kawo min wasu ƙananan ƙwayoyi farare ina sha biyu da daddare yau wata bakwai, gaskiya na yi kumatu na ciko. Amma sati uku kenan ina busasshen tari ba kaki, in na hau bene da bokitin mofa sai na zauna a matakala ina haki kamar na yi tsere, da yamma jikina ya yi zafi, harshena kuma ya yi fari-fari. Na je mustausaf aka yi hoton ƙirji aka ce ba komai aka rubuta min maganin tari da na ƙwayoyin cuta na shanye ba sauƙi. Ko aljanu ne ko sammu? Sunan ƙwayar ya fara da Dexa.
Daga wata baiwar Allah, Shara Mansur, Makka

Amsa: 'Yar uwa ba aljanu ba ne. Deksametason kike sha, kotizon ne mai ƙarfi, kumatun nan ba ƙiba ba ce ta lafiya, ruwa ne da kitsen da ya bar inda ya dace ya taru a fuska da ciki da ƙeya. Abin da ake ba mai dashen ƙoda don a kwantar masa da garkuwa bisa lissafi ana auna jininsa, shi kike ba kanki wata bakwai ba mai duba ki. Kada ki ji tsoro ki watsar da su yau ɗin nan, wannan ma wani haɗarin ne, jikinki ya daina yin nasa kotizon ɗin saboda ya saba ana kawo masa daga waje, in kika yanke rana ɗaya jini na iya faɗuwa ki some. A hankali ake ragewa kuma likita ne zai tsara.

Farin harshen nan fumfuna ce da ake kira kandida, ita kanta mai sauƙin magani ce amma shaida ce cewa bango ya tsage. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hakin. Akwai wata fumfunar huhu, a takarda Pneumocystis ake rubutawa, mu ce numosistis, haka take zuwa sak: busasshen tari, zazzaɓi, numfashi na raguwa a hankali, kuma hoton ƙirji na farko yana iya fitowa tas. Na taɓa samun wata matashiya da irin labarinki, tana zaune a gabana tana murmushi, na maƙala mata 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar da ke cikin jini ta nuna 95, na ce tashi mu taka zuwa ƙarshen baranda mu dawo, kafin mu dawo lambar ta sauko 84 leɓenta ya canza kala, ita kuma tana ta ba ni haƙuri wai ta ɓata min lokaci. Da na ce ta zazzage jakarta a kan tebur, ga ƙwayoyin a ƙulle a 'yar leda ba ko kwali, ga man shafawa na bilicin kwalba biyu wanda shi ma kotizon ne a ciki. Ki roƙi a yi miki wannan gwajin na tafiya, ba ya cin ko riyal ɗaya.

Wannan cutar ce ta fara tona asirin ƙanjamau a duniya, a watan Yuni 1981 aka buga rahoton wasu samari 5 a Los Anjalis ta Amurka da suka kamu da ita alhali ba a san su da wani ciwo ba. Shi ya sa za a nemi yi miki gwajin ƙanjamau da na suga, ba zargi ba ne, ƙa'ida ce. Wani abin mamakinta, fumfuna ce amma magungunan fumfuna da na lissafa wa 'yar uwarmu ta Jidda ba sa aiki a kanta, saboda sinadarin da suke kai wa hari babu shi a jikinta. Maganinta Septrin ne, wannan dai da kika sani, amma da yawa ƙwarai har kwana 21, ba abin da za ki saya ki sha da kanki ba ne don yana taɓa ƙoda da jini, kuma in kina da ciwon nan da ake hana mutum cin ful, waken nan na Larabawa, ki faɗa tun farko. Kuma mai irin garkuwarki ana duba mata tibi da asfajilas a lokaci guda, kada a tsaya a ɗaya.

Na san abin da ke hana da yawanmu zuwa babban asibiti, wata igama ce, takardar izinin zama, ta mutu, wata uwar ɗakinta ba ta bari, wata kuɗi. Na sani wlh. Amma numfashi ba ya jiran a sabunta takarda. Ki tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, yau da ledar ƙwayoyin a hannunki, in hakin ya kai kina zaune ma kina yi a kira motar asibiti a 997.

Tambaya: Malam likita ni direba ne a Madina. Shekara uku da suka wuce na yi tarin tibi a gida Najeriya na sha magani wata shida cif aka ce na warke. Yanzu wata biyar ina tari, wani lokaci da jini kamar cokali, na rame, kasala kamar an min duka. An gwada kakina sau uku ba tibi. Wani ɗan uwana ya ce in aiko a sayo min maganin tibin in sake sha.
Daga wani direba a Madina

Amsa: Alhaji kada ka sake shan komai tukuna. Tibi in ta tafi takan bar kogo a huhu kamar yadda gara ke barin rami a azara, asfajilas ta samu ɗaki ba haya ta shiga ta zauna, wani lokaci ta dunƙule ta zama curi kamar ƙwallo, a hoto har za ka ga ƙwallon ya sauya wuri in mutum ya juya kwanciya. Jijiyoyin bakin kogon ne ke fashewa kake ganin jini. Alamominta da na tibi kamar an tsaga kara, shi ya sa mutane da yawa ke shan maganin tibi zagaye biyu har uku a banza. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar hukumar lafiya ta duniya a 2011 ya ce kusan mutum miliyan 1.2 ne ke ɗauke da wannan bayan sun gama da tibi, kuma a asibitocinmu na gida da wuya ka ji an ambace ta.

Ka nemi ganin likitan ƙirji, ka ce masa ka taɓa yin tibi, a yi hoton siti da gwajin jini na sojojin da jiki ke yi wa asfajilas. In ita ce, akan sha itirakonazol ko borikonazol aƙalla wata 6 wasu fiye da shekara, in curin ɗaya ne kuma sauran huhun da ƙarfi akan yanke shi a huta. Ga dalilin da ya sa na ce kada ka bi shawarar ɗan uwanka: rifamfisin na cikin maganin tibi, wannan mai sa fitsari ja, yana sa hanta ta ƙone waɗannan magungunan kafin su yi aiki, ba a haɗa su, kuma ko bayan an daina shi sai an jira kamar sati biyu. In kuma aka samu tibin ta dawo suna tare da fumfunar, yana faruwa, likita ne zai tsara wanda za a fara da shi. Tunda direba ne kai ka sani borikonazol yana sa ganin walƙiya ko launuka su sauya jim kaɗan bayan an sha, kada ka yi tuƙin dare, yana kuma sa rana ta ƙona fata, ranar Madina kuwa ka fi ni saninta. Ranar da jinin ya kai rabin kofin shayi ka ajiye mota ka nufi ɗawari. Sigari da shisha kuma ba sai na faɗa ba.

Tambaya: Dakta kawuna zai zo Umra, yana da cuta mai karya garkuwar jiki amma a gida ba kowa ya sani ba, kuma na ji ya yi wata da watanni ba ya karɓar magani wai ya ji sauƙi. Wani ya ce min tattabarun Harami na sa cuta. Gaskiya ne? An dai yi masa allurar sanƙarau.
Daga wani ɗalibi a Makka

Amsa: Ɗana akwai ƙamshin gaskiya. Ba tattabarar ba ce, busasshen kashinta ne, wata fumfuna mai suna Cryptococcus, mu ce kiriftokokas, tana rayuwa a cikinsa, in ya bushe ya zama ƙura a shaƙa. Mai lafiya ba ruwansa, miliyoyin alhazai suna wucewa ta cikin tattabarun nan lafiya lau. Wanda sojojin jikinsa da ake kira CD4 suka sauka ƙasa da 100 shi ne abin ji, takan fara a huhu shiru-shiru sannan ta haura kai ta zama sanƙarau. Allurar da ake yi wa mahajjata ta sanƙarau ɗin bakteriya ce, ba ta kare wannan ko kaɗan. Ƙiyasin 2020 ya nuna masu ƙanjamau kusan 112,000 ta kashe a shekarar, yawanci a Afirka, kuma da hukumar lafiya ta duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 mafiya haɗari a Oktoba 2022 tana sahun farko tare da asfajilas.

Amma ni ba tattabarun ne suka dame ni ba, tattabaru ai har a soron gidansa akwai, barin maganin ne. Ka kira shi kai da shi cikin ladabi, ka ce kafin ya sayi tikiti ya koma inda yake karɓar magani a auna CD4. In ƙasa da 200 ne zai sha Septrin kullum don kare numosistis, a kuma yi masa gwajin kiriftokokas na jini, ɗan tsinke ne kamar na gwajin ciki minti 10 ya fito. A wannan matakin ne ake samun mutum ɗaya da numosistis da kiriftokokas da tibi duk a ƙirji ɗaya. Umra ba ta guduwa, ya ɗaga ta 'yan watanni har jiki ya ginu. In ya zo kuma ya sa kamama, wato takunkumin baki da hanci, ya bar sayen hatsi yana watsa wa tattabaru suna tashi a kansa, ciwon kai mai naci da amai ko ruɗewa kuma kada a ce gajiyar ɗawafi ce.

Tambaya: Maigidana yana karɓar kemo na kansar jini, an ce ya samu asfajilas. In raba masa kwano da kofi? Yara su daina shiga ɗakinsa? Sannan nima an gwada kakina an ga kandida, ko na ɗauka ne?
Daga wata uwargida a Ɗa'if

Amsa: Hajiya kada ki raba masa kwano, asfajilas da mukor da kiriftokokas ba a ɗaukarsu daga mutum, daga iska da ƙura ake shaƙa. Numosistis ce kawai ke iya bi ta iska tsakanin mutane, ita ma mai raunin garkuwa take kayarwa. Kandida a kaki kuwa kusan kullum daga baki take biyowa, da wuya ƙwarai ta zama ciwon huhu, in ba ki da wata alama ki kwantar da hankalinki. Shi ne ma ya kamata a kare daga yaran, mai mura ko tari ya dakata daga ƙofa ya gaishe shi. Ki fitar da tukwanen fulawa daga ɗakinsa, a wanke matatar mukayyif lokacin da ba ya nan, kada a yi shara ko kaɗe kafet yana ciki a goge da jiƙaƙƙen tsumma, in ana rushe gini ko haƙa a layinku a rufe taga, zai fita ya sa kamama mai kauri irin N95. Garin magani na shaƙawa da hayaƙi a ajiye su, turaren wuta ma ki yi a falo ki bari ya lafa kafin ya fito. Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye a gefen gadonsa, ranar da ya nuna 38 kada ki ba shi Panadol ki jira safiya, ki ɗauki katinsa na asibiti ku tafi.